Tarihin Joj Kubiye, Masanin Ƙasusuwan Dauri (1769-1832)

A ƙarshen ƙarni na goma sha takwas, gidajen adana kayan tarihi na ƙasashen Turai cike suke da waɗansu manya-manyan ƙasusuwa da haƙora waɗanda aka rasa masu su. Manoma da masu haƙar rijiya da masu fasa dutse su ne kan tono su, a kai wa sarakuna da attajirai su ajiye don mamaki. Waɗansu suka ce na ƙattin mutanen farko ne. Waɗansu kuwa, musamman game da waɗanda aka tono a Italiya, suka ce na giwayen yaƙin da Hanibal ya ƙetaro da su ne a zamanin Rumawa. Abin da galibin masana na lokacin ba su yarda da shi ba shi ne a ce akwai wani irin dabba da ya taɓa rayuwa a duniya sa'an nan ya ƙare ƙaf, domin a ganinsu halitta tamkar sarƙa ce wadda ba ta da giɓi. Mutumin da ya kafa hujjar da ta kawar da wannan ra'ayi, ya kuma shimfiɗa hanyar gane dabba daga ƙashinta da sanya ta cikin danginta, shi ne Joj Kubiye, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Georges Cuvier.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haife shi ran 23 ga watan Agusta, 1769, a garin Montbéliard. Mutanen garin Faransanci suke yi, amma a lokacin suna ƙarƙashin wani sarkin Jamusawa ne na Württemberg, kuma mabiya ɗariƙar Luta ne, ba Katolika ba kamar yawancin Faransawa. Mahaifinsa tsohon hafsan soja ne wanda ɗan abin da yake samu na fansho bai taka kara ya karya ba. Tun yana yaro ya ci karo da littattafan Bufon a kan dabbobi, ya duƙufa yana kwafar hotunan da ke ciki yana shafa musu launi. Wannan gwanintar zane ta yi masa rana daga baya fiye da yadda kowa ya zata.

Daga 1784 zuwa 1788 ya yi karatu a makarantar da sarkin ya kafa a Stuttgart don horar da ma'aikatan gwamnati. Ilmin mulki da tattalin dukiya aka koya masa, ya kuma ƙware da Jamusanci, kana wani ɗalibi da ke gaba da shi, mai suna Kielmeyer, ya nuna masa yadda ake feɗe ƙananan halittu don nazari. Da ya gama bai sami aikin gwamnati ba. Dole ta sa ya tafi Normandi, a arewacin Faransa, ya zama malamin ɗan wani basarake. A can juyin juya halin 1789 ya same shi, kuma zaman ƙauye ya tsare shi daga tashin hankalin da ya ci rayukan mutane da yawa a birnin Faris. Shekarun nan ya yi su ne kusa da bakin teku yana feɗe katantanwa da sauran halittun ruwa, yana zana abin da ya gani. Wani masanin noma mai suna Tessier, wanda ya ɓuya a yankin don tsira da ransa, ya ga aikinsa ya rubuta wa abokansa na Faris. Wani saurayin farfesa, Jofurwa Sant-Hilar, ya aika masa da goron gayyata. A 1795 Kubiye ya shiga Faris, ya sami aikin mataimaki a Gidan Tarihin Halitta na Ƙasa.

Giwaye Huɗu

Ya iso a kan gaɓa. A wannan shekarar ce sojojin Faransa suka ci ƙasar Holan, suka kwaso tarin kayan nazarin halitta na mai mulkinta suka kawo Faris, a cikinsu har da ƙoƙunan kan giwaye. A cikin watan Afrilu na 1796, yana da shekara 26, Kubiye ya tashi gaban taron masana ya gabatar da abin da ya gano.

Da farko ya nuna cewa giwar Afirka da giwar Indiya, waɗanda aka daɗe ana ɗauka iri guda ne, ba ɗaya suke ba. Hujjarsa mafi ƙarfi tana cikin turamen haƙoransu. Idan aka dubi saman turmin giwar Afirka, inda tauna ta goge, za a ga zane-zane masu faɗi a tsakiya da tsini a gefuna biyu. Na giwar Indiya kuwa sirara ne, a jere kusa da juna kamar kunyoyin gona. Daga nan ya ɗauko haƙora da muƙamuƙin dabbar da ake tonowa a Siberiya, wadda ake kira mamut. Kunyoyin haƙoranta sun fi na giwar Indiya siranta da matsewa, ƙirar muƙamuƙin ma dabam. Ashe giwa ce ta uku, wadda ba a taɓa ganin mai rai irinta ba. Ta huɗu ita ce wadda aka kwaso ƙasusuwanta a 1739 kusa da kogin Ohayo na Amurka. Ita turamenta ba su da kunyoyi sam, sai waɗansu tudunni bibbiyu a jere, har wani likita a Ingila ya taɓa cewa nama take ci. A 1806 Kubiye ya raɗa mata suna mastodon, watau mai haƙori kamar kan nono, ya tabbatar da cewa ganyaye da rassa take ci.

To, ina waɗannan dabbobi suke? Masu musu suka ce suna can ɓoye a dazuzzukan da Turawa ba su kai ba. Tomas Jefason, wanda ya zama shugaban Amurka a 1801, ya daɗe yana sa ran za a same su a yammacin ƙasarsa. Kubiye ya amsa da cewa ƙwaro ko kifin ƙarƙashin teku yana iya ɓuya, amma dabba mai girman giwa ba ta yawo a doron ƙasa ba tare da mafarauta da fatake sun ba da labarinta ba. Don haka ne ma ya zaɓi manyan dabbobi masu shayarwa su zama shaidunsa. A nan hikimarsa take, domin ya kai gardamar fagen da abokan hamayya ba su da mafaka. Sai dai ya ɗan zarce da ya ce da wuya a sake gano wata babbar dabba mai ƙafa huɗu, ga shi kuwa sai a 1901 masana na Turai suka san da okafi, ɗan'uwan raƙumin dawa da ke dazuzzukan Kwango.

A cikin 1796 ɗin dai aka kawo masa zanen wani ƙwarangwal da aka tono a bakin kogin Luján, kusa da Buenos Aires, aka kai Madrid aka harhaɗa. An ce har sarkin Sifen ya aika a nemo masa mai rai, ko da ƙarami ne. Kubiye bai taka Madrid ba. Daga zanen kawai, ya dubi ƙashin kunci, da rashin haƙoran gaba, da farata, ya yanke cewa wannan ƙato mai girman giwa ɗan'uwa ne ga wata ƙaramar dabba mai tsananin nawa da ke rataye a rassan itatuwa a Kudancin Amurka. Ya sa masa suna Megateriyum, watau babbar dabba. Hukuncin nan nasa yana nan daram har yau.

Dokar Dacewar Gaɓoɓi

Ginshiƙin aikinsa duka wata ƙa'ida ce mai sauƙin faɗa. Jikin dabba ba tarkace ba ne da aka tara. Kowace gaɓa ta dace da 'yan'uwanta, duka kuma sun dace da yadda dabbar ke neman abinci. Dabbar da hanjinta na narkar da ɗanyen nama ne, dole ta kasance da fiƙoƙi da turame masu kaifi irin na almakashi, da muƙamuƙi mai ƙarfin riƙo, da farata na cafka, da ƙafafu na tsere da tsalle. Wadda ke da kofato kuwa ba ta da abin kama nama, saboda haka ciyawa za ta ci, turamenta za su zama masu faɗi don niƙa, muƙamuƙinta zai riƙa motsi gefe da gefe. In kofaton a tsage yake, mai yiwuwa ƙwarai tana tuƙa. Duk mahaucin da ya daɗe a sana'a ya san wani abu daga wannan, don ba ya rikita ƙashin akuya da na kare. Abin da Kubiye ya ƙara shi ne ya mayar da wannan sani tsararren ilmi, ya tara ƙwarangwal na dabbobi masu rai iri-iri a jere, yadda duk ƙashin da aka kawo masa yana da abin gwada shi. Darussansa na kwatanta ƙirar jikin dabbobi sun fito cikin littafi mai juzu'i 5 tsakanin 1800 da 1805.

Ɗalibai sun ƙaga wata almara a kan haka. Wai wani ya yi shigar Iblis, da ƙahoni da kofatai, ya faɗa ɗakinsa da dare yana barazanar cinye shi, shi kuwa ya buɗe ido ya dubi ƙahonin da kofatan, ya ce mai irin wannan ƙira ciyawa yake ci, ya juya ya ci gaba da barcinsa.

Inda ya gwada ƙa'idar sosai shi ne a tudun Montmartre, wanda a lokacin yake bayan garin Faris. A can ake haƙar wani farin dutse mai taushi da ake ƙonawa a yi shafen gini, kuma ma'aikata kan yi ta cin karo da ƙasusuwa a cikinsa. Matsalar ita ce a cakuɗe suke zuwa: ga muƙamuƙi yau, ga ƙashin idon sawu gobe, na manya da na ƙanana, babu mai iya cewa wanne ne na wanne. Kubiye ya fara da haƙora, ya ga sun kasu gida biyu. Kashi ɗaya na da fiƙoƙi da suka ɗara sauran haƙora, da giɓi a bayansu. Ɗaya kashin kuwa haƙoran a jere suke, tsawonsu kusan ɗaya, ba giɓi. Sa'an nan ya koma kan ƙafafu, ya ga su ma iri biyu ne: masu yatsu uku, da masu manyan yatsu biyu. Saura a haɗa kai da ƙafa. Ya lura cewa haƙoran kashi na farko sun yi kama da na karkanda da na tafir, wata dabba mai guntun hanci irin na giwa, kuma su waɗannan yatsun ƙafafunsu na baya uku ne. Sai ya ba kashi na farko ƙafa mai yatsu uku, ya kira dabbar Faleyoteriyum, watau dabbar dauri. Na biyu ya ba shi mai yatsu biyu, ya kira shi Anofuloteriyum, watau dabbar da ba ta da makami. Wannan a 1804 ne. Daga baya aka tono ƙwarangwal da gaɓoɓinsu ke haɗe, aka tarar yadda ya haɗa su haka suke. Binciken zamani ya nuna cewa waɗannan dabbobi sun rayu kimanin shekara miliyan 35 da suka wuce, kuma Faleyoteriyum ya fi kusa da dangin doki.

A shekarar nan ce kuma aka kawo masa wani dutse da ya tsage biyu, da ɗan ƙaramin ƙwarangwal kwance a ciki. Haƙoran da kusurwar muƙamuƙin suka nuna masa ofosum ne, daga dangin dabbobin da ke goyon 'ya'yansu cikin jaka a ciki, irin su kangaru. Abin da wuyar gaskatawa, don ba a san irinsu ba sai a Amurka da Ostareliya. Dabbobin wannan dangi suna da waɗansu sirarun ƙasusuwa biyu a gaban ƙugu. Kubiye ya tara shaidu, ya gaya musu tun kafin ya taɓa dutsen cewa za a sami ƙasusuwan nan a wuri kaza, ya ɗauki allura ya yi ta sassaƙa a hankali, har suka bayyana. Da bai same su ba, da mutuncin hanyarsa duka ya zube a gaban jama'a.

Amma gaskiya ita ce ƙa'idar ba ta kai ƙarfin da ya ba ta ba. Babu wani dalili na dole da ya ɗaure irin wancan muƙamuƙi da ƙasusuwan ƙugu. Abin da ya sani kawai shi ne a dabbobin da ya feɗe tare suke zuwa. Muddin dabbar dauri tana da 'yan'uwa masu rai, hanyar kan yi aiki. In ba ta da su, sai a yi tuntuɓe. An taɓa kawo masa wani ƙaton farce daga Jamus, ya ce na wata ƙatuwar fangolin ce, dabbar nan mai ɓawo a jiki mai cin tururuwa da gara. Sai bayan mutuwarsa da shekaru masu yawa aka gane cewa farcen na wata dabba ce mai haƙoran cin ganye, 'yar dangin doki da karkanda, wadda ke da farata a maimakon kofato. Ga dokar Kubiye irin wannan halitta ba ta yiwuwa, amma ta rayu shekaru miliyoyi.

Bai tsaya kan masu shayarwa kaɗai ba. Shi ne ya gane cewa wani ƙwarangwal daga Bavariya na mai jan ciki ne da ke tashi sama, ya kuma nuna cewa ƙaton kan da aka tono a Maastricht na wani ƙadangaren teku ne, ɗan'uwan guza da damo. Wani irin wannan ƙadangare an tono shi a ƙasar Sakkwato, har masana suka sa masa suna Goronyosaurus, daga sunan garin Goronyo. A 1811 kuma, a Haarlem, ya sassaƙe dutsen da ke rufe da wani ƙwarangwal da aka daɗe ana cewa na mutumin da ya halaka a Ruwan Ɗufana ne, sai ga ƙafafun wata ƙatuwar salamanda, 'yar dangin kwaɗi.

Jayayya da Muƙamai

Tare da abokinsa Brongniart ya yi nazarin shimfiɗun duwatsun da ke kewaye da Faris, suka ga suna hawa-hawa, wani da ƙwanson halittun teku, na samansa da na ruwan daɗi, sa'an nan teku ya sake dawowa. Daga nan Kubiye ya ɗauka cewa duniya ta sha fuskantar manyan bala'o'i na farat ɗaya, kowanne ya share dabbobin wani yanki. Ya bayyana haka a gabatarwar babban littafinsa na ƙasusuwan dauri mai juzu'i 4, na 1812. Wanda ya shirya bugun gabatarwar na Ingilishi ne ya matsa wajen danganta bala'in ƙarshe da Ruwan Ɗufana, fiye da yadda shi marubucin ya yi. A 1817 ya fitar da littafinsa na rabe-raben dabbobi, inda ya kasa su gida huɗu: masu ƙashin baya, masu taushin jiki irin su katantanwa, masu gaɓa-gaɓa irin su ƙwari, da masu siffar da'ira.

Abin da ya ƙi ƙememe shi ne a ce wani iri kan sauya a hankali ya zama wani. Wannan ra'ayin abokin aikinsa Lamak ne, wanda ya buga shi a 1809. Kubiye ya auna ƙasusuwan jinjimin da Masarawan dā suka naɗe suka binne, waɗanda aka kawo bayan yaƙin Nafoliyon a Masar, ya nuna ba su bambanta da na jinjimin zamaninsa ba. Lamak ya ce shekara dubu uku ba komai ba ce a rayuwar duniya, kuma shi ke da gaskiya a nan. A 1830 Kubiye ya yi ta kai ruwa rana a zauren masana da Jofurwa, mutumin da ya gayyato shi Faris tun farko, a kan ko dukan dabbobi bisa tsari ɗaya aka gina su. Littafin Dawin na 1859 ya karkatar da masana daga ra'ayin Kubiye, amma da kayan aikin da ya ƙera aka yi hakan. Nazarin ƙwayoyin gado ya nuna mamut ta fi kusa da giwar Indiya a kan yadda giwar Indiya take da ta Afirka, ya kuma raba ta Afirka gida biyu, ta sarari da ta kurmi. Maganar bala'in farat ɗaya ma, wadda aka daɗe ana yi wa dariya, ta farfaɗo a 1980, sa'ad da aka kawo hujjar faɗowar wani ƙaton dutse daga sama shekara miliyan 66 da suka wuce.

Wajen sha'anin mulki kuwa, mutum ne da ya iya zama da kowa. Ya yi wa Nafoliyon aikin duba makarantu har Italiya da Holan. Da aka mayar da sarauta ya ci gaba da zama a majalisar shawara ta ƙasa, aka ba shi sarautar baron. Da aka sake juyin mulki a 1830, sabon sarki ya ƙara masa girma. Masu sukarsa sun ce duk inda iska ta kaɗa nan yake, kuma ya yi amfani da muƙamansa wajen danne waɗanda suka saɓa masa. A gida kuwa bai ji daɗi ba. A 1804 ya auri wata bazawara wadda aka fille wa mijinta kai a lokacin juyin juya hali, suka haifi 'ya'ya huɗu, duka suka riga shi mutuwa. Ta ƙarshe, Clémentine, ta rasu a 1827 tana da shekara 22.

Sara Batman

Akwai wani babi na rayuwarsa da bai kamata ɗalibi ɗan Afirka ya tsallake ba. Kubiye ya kasa 'yan Adam gida uku, ya ɗora Turawa a sama, ya ajiye baƙar fata a ƙasa, ba da wata hujja irin wadda ya saba nema a wurin haƙoran giwa ba, sai don abin da ya tarar Turawan zamaninsa na faɗa. Sara Batman mace ce daga al'ummar Khoikhoi ta Afirka ta Kudu, wadda aka kai Landan a 1810, daga baya Faris, ana nuna jikinta ga 'yan kallo don kuɗi. A watan Maris na 1815 Kubiye da abokan aikinsa suka yi kwana uku suna dubanta. Da ta rasu a ƙarshen shekarar, ya sa aka ɗauki siffar jikinta, ya feɗe gawar, ya adana ƙwaƙwalwarta da al'aurarta cikin kwalabe. A rahoton da ya buga a 1817 ya amsa cewa tana da kaifin tunani, tana kuma jin harshen Holan, amma duk da haka ya yi ta kwatanta kamanninta da na birai. Masanin da ya ƙi yarda a haɗa giwa biyu iri ɗaya sai an auna, shi ne ya yanke wa al'umma guda hukunci daga gawa ɗaya, da ra'ayin da ya riga ya shigo da shi ɗakin. Ƙwarangwal ɗinta ya zauna a gidan kallo na Faris har cikin shekarun 1970. Sai a 2002, bayan doguwar fafitikar gwamnatin Afirka ta Kudu da wata doka ta musamman da majalisar Faransa ta yi, aka mayar da ita gida, aka binne ta ran 9 ga watan Agusta.

Rasuwarsa

A farkon watan Mayu na 1832, lokacin da annobar kwalara ke ɗibar mutane a Faris, Kubiye ya yi laccarsa ta ƙarshe, bai fasa sukar ra'ayin Jofurwa ba. Kwanaki kaɗan bayan haka jikinsa ya fara shanyewa, ya rasu ran 13 ga watan yana da shekara 62. Likitoci suka buɗe kansa suka auna ƙwaƙwalwarsa, suka same ta da nauyi fiye da na yawancin mutane, aka kuma daɗe ana kafa hujja da hakan. An binne shi a maƙabartar Père Lachaise. Jawabin ta'aziyyar da ya rubuta wa Lamak, wanda ya fi kama da suka, wani ne ya karanta shi a zauren masana bayan watanni shida. Babban littafinsa a kan kifaye kuwa, wanda ya fara fitowa a 1828, ɗalibinsa Valenciennes ne ya ci gaba da shi har 1849, ya kai juzu'i 22.